Ƙugiya Mai Gashin Zakara da Mamarin Gulbin Rima

Ga rubutaccen shirinmu na wannan makon, saboda waɗanda data ba ta bari sun saurara ba.

Yau ruwa za mu shiga. Na san da yawanku kun taɓa cin karo da bidiyon nan a TikTok ko YouTube: Bature ya zauna gaban tebur, ya maƙale 'yar ƙugiya a wani ƙarfe, yana naɗa mata zare da gashin tsuntsu, kafin minti biyar ta koma kamar ƙwaro mai rai. Sai ya je rafi ya wurga, kifi ya zo ya cafke. Babu tana, babu koto, gashi ne kawai da zare. Su suna kiran abin fulai, wato ƙuda. Ni a nan zan riƙa ce masa ƙwaron ƙarya.

Tambayar da nake so mu bi ita ce, mu da muke da gulbi, muke da masunta tun kaka da kakanni, ga zakaru da zabi cike da gidajenmu, me ya sa wannan sana'a ba ta tsiro a Goronyo ko Wurno ko Rabah ba? Amsar tana cikin ruwan kansa. Ruwa shi ke gaya wa masunci irin ƙugiyar da zai ɗaura. In ka fahimci wannan, za ka gane abin da ya faru da masuntan Rima tun da aka tare gulbin.

Bari mu fara da can, sannan mu dawo gida.

Bayani mafi daɗewa da aka sani a rubuce kan ƙwaron ƙarya ya fito ne daga wani marubucin Rum mai suna Iliyan, wajen shekara ta 200 miladiyya. Ya ba da labarin mutanen Masedoniya da ke da wani rafi mai kifi dabbare-dabbare, kifin kuma yana son wani ƙwaro da ke shawagi bisa ruwa. Matsalar ita ce ƙwaron ba ya jure hannu, kana taɓa shi ya lalace. Sai suka yi dabara, suka naɗa jan ulu a jikin ƙugiya, suka ɗaura gashi biyu na wuyan zakara. Kifi ya ga abin ya sauka kan ruwa, ya taso ya haɗiye. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

A shekarar 1496 aka buga wani ɗan littafi a Ingila kan kamun kifi da fatsa, wanda ake dangantawa da wata mata, Juliyana Banas. A ciki an lissafa ƙwarin ƙarya guda 12, kowanne da watan da ya dace da shi. Ka lura da wannan. Ba ado suke yi ba. Mutum ne ya zauna bakin rafi shekara da shekaru yana lura da irin ƙwaron da ke fitowa a Maris da wanda ke fitowa a Yuni, sannan ya koma gida ya kwaikwaye shi. A Japan ma, mutanen kan duwatsu sun ƙirƙiro nasu ba tare da sun koya daga Turawa ba, suna ce masa kebari.

Yadda ake ɗaurin ba wani sihiri ba ne. Za ka fara naɗa zare daga idon ƙugiya zuwa inda ta lanƙwashe. Ka ɗaura 'yan silin gashi su zama wutsiya. Ka naɗa ulu ko gashin dabba ya zama jiki. Sai ka ɗauko gashin wuyan zakara guda ɗaya ka zagaya shi kusa da ido, silinsa su miƙe kamar ƙafafun ƙwaro, su ne kuma ke riƙe shi bisa ruwa. Ka ƙulle, ka ɗiga ɗan gam. Akwai kuma ƙanwarta, ƙugiya mai kan dalma, wadda ake zuba wa narkakkiyar dalma a wuya, a ɗaura mata gashi a baya. Ita nutsewa take yi. Kana ɗagawa kana saki, tana tsalle a ƙarƙashin ruwa kamar ɗan kifin da ya ji ciwo.

A ƙarni na 19 abin ya zama gasar masu kuɗi a Ingila, ana neman gashin tsuntsaye daga kowace kusurwa ta duniya. Cikin kayan da suke amfani da su har yau akwai gashin zabo da na jimina, tsuntsayenmu na Afirka. Haukar ba ta mutu ba, don a 2009 wani matashi ɗan Amurka, Edwin Rist, ya fasa gidan adana kayan tarihin halittu na garin Tirin a Ingila ya kwashe fatun tsuntsaye 299, don kawai ya sayar wa masu ɗaurin ƙugiya.

To, abin da ya haɗa Masedoniya da Ingila da duwatsun Japan shi ne ruwansu garai-garai yake, mai sanyi, yana gudu bisa duwatsu. Kifinsu da ido yake farauta, yana kallon sama yana jiran ƙwaro ya faɗo. Wanda ke farauta da ido, da ido za ka yaudare shi.

Yanzu mu dawo gida.

Gulbin Rima ruwan wurare da yawa ne. Akwai Gulbin Maraɗi da ke tasowa daga ƙasar Katsina, ya shiga Jamhuriyar Nijar, ya sake dawowa Najeriya. Akwai Bunsuru da Gagare da ke gangarowa ta ƙasar Zamfara. Su ne ke haɗuwa a gabashin Sakkwato, ruwan ya bi ta Goronyo, ya wuce Wurno, ya je ya haɗu da Gulbin Sakkwato, wanda shi kuma ya biyo ta Rabah. Daga nan sai Argungu, sai Birnin Kebbi, har ya faɗa Kwara. Wannan kwari shi ya ɗauki manyan birane na tarihinmu. A bakinsa Alƙalawa take, babban birnin Gobir da ya faɗi a 1808. A bakinsa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kafa ribaɗin Wurno, inda ya rasu a 1837, kuma can kabarinsa yake. Ba a banza aka zauna nan ba, fadama ce ta jawo mutane.

Amma dubi ruwan da damina. Ja ne, ya kwaso yashi da laka tun daga Katsina da Zamfara. Sa hannunka ciki zuwa gwiwar hannu, ba za ka ga yatsunka ba. A irin wannan ruwa, ko ka ɗaura ƙwaron da ya fi na gaske kyau, wa zai gan shi?

Kifayen da suka fi yawa a nan ma ba su dogara da ido ba. Tarwaɗa, ramboshi, ƙurungu, ragon ruwa, duk masu gashin baki ne. Wannan gashin bakin shi ne hancinsu da harshensu, da shi suke laluben abinci a ƙasan ruwa, galibi da dare. Akwai ma irin su yauni da ke fitar da 'yar wutar lantarki mai rauni daga jikinsu suna gane abin da ke kewaye da su a cikin duhu. Gaiwa kuwa in ruwa ya ƙafe sai ta shige cikin laka ta kwanta har wata damina. Kun ga ke nan kakanninmu wata jarrabawa daban ruwa ya ba su, kuma sun amsa ta da nasu ilimin.

Amsa ta farko ita ce koto. In kifi da hanci yake nema, to wari za ka ba shi. Tana, gara, shinge idan ya fito farkon damina, fara, ɗan kwaɗo, hanjin kaza, curin dusa, ƙananan kifi masu rai don manyan mafarauta. A zamanin baya-bayan nan har guntun sabulu ana sa wa tarwaɗa. Masunci ya san wane koto ne na wane kifi, a wane wata, a wane zurfi. In ka duba da kyau, wannan shi ne ainihin ilimin da Baturen 1496 ya rubuta, bambancin kawai namu a ka yake, ba a takarda ba.

Amsa ta biyu ita ce mamari, kuma a ganina shi ne ɗaurin ƙugiyarmu na asali. Doguwar igiya ce, a jikinta an rataya ɗaruruwan ƙugiyoyi, kowacce da ɗan gajeren zarenta, tsakaninsu bai fi faɗin tafin hannu ba. Ba a sa masa koto ko kaɗan. Ana shimfiɗa shi da yamma kusa da ƙasan ruwa, a hanyar da kifi ke bi. Tarwaɗa ba ta da ɓawo, jikinta santsi ne da laushi. Tana zuwa wucewa ƙugiya ɗaya ta taɓa ta, tana fizga wasu su kama ta. Da asuba a zo a ɗaga.

Kar ka raina wannan aikin. Kowace ƙugiya sai an ɗaura ta da ƙullin da ba ya zamewa ko da ramboshi ya ja. Tsawon zaren ya zama ɗaya, tazarar ta zama ɗaya, kaifin kowacce a duba shi a wasa. Nauyi da abin da ke ɗaga igiyar sai sun daidaita, don in ta kwanta cikin laka ba ta kama komai, in ta yi sama kifi ya wuce ta ƙasa. Sannan ga jera ƙugiyoyin ɗaya bayan ɗaya a jikin kara ko itace, yadda za a warware su cikin jirgi da duhu ba tare da sun cakuɗe ko sun shige hannu ba. Bature yana ɗaura ƙugiya ɗaya ta yi kyau, Basarke yana ɗaura ɗaruruwa su zama daidai. Duka biyun haƙuri ne da ido da yatsu.

Ban da waɗannan ga homa da gora, ga birgi, ga taru, ga undurutu da gura da sauran tarkuna, ga mashi. Kowanne da lokacinsa. Har Bahaushe ya sa kayan su a karin magana, ya ce kifi na ganinka mai jar koma.

Su wa ke wannan aiki? A wannan yanki in aka ce su, Sarkawa da Kabawa ake fara tunawa, mutanen da sunansu ke haɗe da ruwa tun zamanin daular Kabi ta Kanta a ƙarni na 16. Kuma su ba a yin sa kara zube. Akwai Sarkin Ruwa. Idan ruwa ya janye ya bar tafkuna da gurabu masu zurfi, akan hana taɓa wasu har sai ranar da aka sa, sannan gari ya fito a shiga tare. Bikin Argungu da duniya ta sani, wanda ake ƙirga farkonsa daga ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, daga wannan tsohuwar al'ada ya samo tushe. Hikimar a fili take, a bar kifi ya girma kafin a kama shi.

Kayan aikin kuma a gida ake yin su. Maƙeri ke ƙera ƙugiya, ya lanƙwasa ƙarfe, ya fitar mata da kunne kamar na kibiya. Igiya daga tsirrai ake murza ta, irin su rama, da wani nau'in wake da ake kira yawa, wanda ake nomawa saboda zarensa mai ƙarfi. Ƙugiya a lokacin abu ne mai daraja, ba a yarda ta ɓace.

Abu biyu suka zo daga waje suka sauya wannan. Na farko, a garin Yobik na ƙasar Nowe akwai kamfanin Mustad, wanda aka kafa a 1832. A 1877 suka ƙera injin da waya ke shiga ta gefe ɗaya, ƙugiya ta fito ta ɗaya gefen. Ƙugiya ta yi araha, ta zo cikin kwali, mai lamba, inda babbar lamba ke nufin ƙaramar ƙugiya. Ta bi 'yan kasuwa har ta iso gulabenmu, maƙeri ya rasa wannan ciniki. Na biyu, zaren nailan, wanda kamfanin DuPont ya ƙirƙiro a Amurka a shekarun 1930, ya kuma bazu cikin masuntan Afirka ta Yamma a shekarun 1950 da 1960. Ba ya ruɓewa, ba ya buƙatar shanya kullum, kifi ba ya ganinsa sosai. Aiki ya yi sauƙi, kamu ya ƙaru. Amma daga ranar masunci ya zama mai saye, kuɗin kayansa ya koma hannun canjin dala.

Duk da haka ruwan bai sauya ba tukuna. Sauyin ruwa sai da aka zo zamanin madatsu. An gama Bakolori a kan Gulbin Sakkwato kusa da Talatar Mafara a 1978. Aka gama dam ɗin Goronyo a kan Rima a 1984, aka ƙaddamar da shi a 1992. Tsawon bangonsa gaba ɗaya kilomita 12.5, tsayinsa mita 21, an tsara shi ya riƙe ruwa kimanin kubik mita miliyan 942. Hukumar raya kogunan Sakkwato da Rima ke kula da shi. Manufar ita ce noman rani da ruwan sha ga Sakkwato, kuma ba wanda zai musa amfanin da ya yi ta wannan fuska. Mai shinkafa da albasa da tafarnuwa a wannan kwari shaida ne.

Sai dai kifi yana da nasa lissafin. Yawancin kifayen gulbi irin namu da ambaliya suke haihuwa. Ruwa na cika ya malala cikin fadama, su bi shi su zuba ƙwai cikin ciyawa, 'ya'yan su samu abinci da maɓoya, su yi ƙwari, sannan su dawo gulbi idan ruwa ya fara janyewa. Faɗin fadamar da ruwa ya rufe bana shi ne yawan kifin baɗi. Dam kuwa aikinsa ke nan ya riƙe wannan ambaliyar ya riƙa sakinta kaɗan-kaɗan. Wani masani ɗan Ingila, W. M. Adams, ya yi nazarin ƙauyukan da ke ƙasan Bakolori a farkon shekarun 1980, ya nuna yadda raguwar ambaliya ta rage noman fadama da kamun kifi, har masunta suka riƙa tafiya nesa neman ruwa.

A saman dam kuma wani sabon abu ya bayyana wanda kakanninmu ba su san shi a nan ba: tafki mai faɗi, mai zurfi, wanda ba ya ƙafewa. Ruwa in ya tsaya, laka na kwantawa, da rani ya kan yi haske fiye da na gulbi. Karfasa na son irin wannan wuri. Homa da gora ba su da aiki a tsakiyarsa, sai jirgi da raga. Wato a cikin rayuwar mutum ɗaya, ruwan da uba ya koya wa ɗansa ya zama wani ruwa daban.

Shi ma tafkin ba ya zama a hali ɗaya. A Satumbar 2010 ya cika ya yi barazana, aka buɗe ƙofofi, ruwa ya ci ƙauyuka irin su Kagara, ya lalata gonaki, har ya yanke hanyar Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. A farkon 2018 kuma hukuma da kanta ta ce ruwan da ya rage bai wuce kashi 10 cikin 100 ba, saboda ƙarancin ruwan sama da yashin da ya cike shi. Ga kuma matsalar tsaro da ta addabi gabashin Sakkwato, ba mu manta harin kasuwar Goronyo na Oktoban 2021 ba, Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Sana'ar da ake shimfiɗa kayanta da yamma a ɗaga da asuba, ka san yadda rashin tsaro zai yi mata.

Idan kifi ya ragu, abin da mutum ke yi shi ne ya rage idon raga. In bai isa ba ya sa gidan sauro. Wani ma ya zuba maganin ƙwari. Wallahi wannan cin iri ne, kamar manomin da ya dafa irin shukarsa. Yau ka cika kwando da 'yan mitsi-mitsi, baɗi ka fito da jirgi wayam.

To ina ƙugiya mai gashi ta shigo a nan? Ba zan ce muku ita ce mafita ba. Mai iyali goma ba zai ajiye raga ya koma wurga ƙugiya ɗaya ba. Amma akwai abu biyu da ya kamata matashi ya sani.

Na ɗaya, muna da kifayen da ke farauta da ido: tsage mai haƙora, giwan ruwa, kawara da ke tasowa ta cafke ƙwaro bisa ruwa. A kogin Faro na Kamaru, wanda ke zubawa cikin Binuwai ta wajen Adamawa, baƙi na biyan kuɗi masu yawa da rani, lokacin da ruwa ya yi haske, don su kama giwan ruwa da tsage da ƙugiya mai gashi, su ɗauki hoto su sake su. Irin kifayenmu ne. Inda ruwa ya kwanta ya yi haske, wannan dabara na da wurin zama, kuma kayanta na gidanku: gashin zakara, gashin zabo, gashin wutsiyar akuya, zaren tela. Ƙugiya ɗaya kifi ɗaya take kamawa, ba ta share 'ya'ya. Abin kiyayewa kawai dalma ce, guba ce, kar a narka ta a ɗaki ko kusa da yara. Abin da ta yi wa ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010 ya ishe mu darasi.

Na biyu, ita kanta sana'a ce. A Kenya, Turawan mulkin mallaka sun kai kifin turawut cikin rafukan duwatsu a 1905 don nishaɗinsu. Daga nan 'yan ƙasa suka koyi ɗaurin ƙwaron ƙarya, yau Kenya na cikin manyan ƙasashen da ke ɗaura shi da hannu suna aikawa Turai da Amurka. Da yawan masu ɗaurin ba su taɓa kama kifi da shi ba, yatsu ne jarinsu. Yatsun da ke ɗaura mamari, da waɗanda ke ɗinkin hula da aikin fata a Sakkwato, ba su gaza waɗannan ba.

Amma abin da ya fi damuna ba gashin zakara ba ne. Ƙwarin nan 12 na 1496 har gobe ana ɗaura su, don wani ya zauna ya rubuta. Mu kuwa dattijon da ya san Rima kafin 1984, wanda ya san sunan kowane gurbi, da ƙullin da ake yi wa ƙugiyar maƙeri, da watan da ƙurungu ke hawa, yanzu ya haura sittin. Su ne na ƙarshe da suka ga tsohon ruwan da idonsu. Duk wanda ya tafi, ya tafi da littafinsa.

Don haka ga aikin gida. In kana Goronyo, Wurno, Rabah, Achida, Isa, Sabon Birni ko Argungu, wayar da kake karanta wannan da ita tana da kyamara. Je ka gaida Sarkin Ruwan garinku ko wani tsohon masunci, ka nemi izininsa, ka ce baba a nuna mani yadda ake ɗaura mamari. Ka ɗauki hannunsa yana ƙullin. Ka tambaye shi sunayen kifin da ya daina gani. Ɗaliban sashen kifi na jami'armu ta Sakkwato, ga abin bincike a ƙofar gida. Da ɗan gari akan ci gari, kuma duk gyaran da za a yi wa su a wannan kwari, daga dokar idon raga har zuwa lokacin sakin ruwan dam, sai an san yadda ruwan yake tun farko.

Nan za mu dakata. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da yankinmu lafiya. Sai mun haɗu a shiri na gaba, wassalamu alaikum.